Jawabin Reshen Figil: Mu Rubuta Wuraren Haihuwar Iyayenmu Tun Sunayen Ba Su Ɓace Ba

 

Iyayenmu ardo-ardo da lawanai da jauro-jauro, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Alhazanmu fatake da dillalan kara, iyayenmu mata da ke zaune can ƙarƙashin inuwa, da samarin da suka bar garke a hannun ƙanne suka zo, muna yi wa kowa sannu da zuwa, da fatan an baro gida da dukiya lafiya. Mun san wasu tun asuba suka kamo hanya, saboda haka ba za mu tsaya dogon gabatarwa ba.

Kwamitin reshe ya ɗora mana mu yi magana a kan wani al'amari da ba mu saba kawo shi taro ba. Mun saba da maganar burtali da allurar rigakafi da kuɗin kara. Yau maganar sunayen wurare ce, watau yadda za mu riƙa rubuta inda aka haifi iyayenmu da kakanninmu, da inda suka yi mashekari, da inda aka binne su, alhali gwamnatoci suna ta sauya iyakoki da sunayen gundumomi. Wani zai ce wannan aikin 'yan boko ne. To, mu da ke tsaye gabanku karatunmu bai wuce firamare ba, kuma ba a littafi muka tsinci wannan magana ba. A bakin tagar ofisoshi muka koye ta, wajen raka 'yan'uwa neman takardu.

Bari mu fara da abin da ya faru a gidajen da yawa daga cikinmu masu shekaru arba'in da 'yan kai. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, an haife su a ruga ɗaya a bakin Mayo Luti, itacen tsamiyar da aka yi wa wan suna a ƙarƙashinsa shi ne aka yi wa ƙanen. Amma in ka buɗe takardun haihuwarsu, ta wan ta ce Benuwe, ta ƙanen ta ce Mayo-Luti. Dalili kuwa shi ne a farkon shekarun 1980 aka yanke ƙasar Gidar daga departaman Benuwe, watau gundumar da ferefe ke riƙe da ita daga Garwa, aka mai da ita departama mai zaman kanta, wadda yau ta ƙunshi Gidar da Figil da Mayo-Ulo. Rugar ba ta gusa ko taku ɗaya ba. Ran da suka je batun gādo, sai wani ma'aikaci matashi, wanda bai san wannan tarihi ba, ya dubi takardun ya ce yaya aka yi 'yan gida ɗaya suka fito gunduma biyu, kuma suna cewa wuri ɗaya ne? Sai da aka ɗauko dattawa biyu a kan babur suka yi shaida kafin magana ta wuce. Ɗaya daga cikin dattawan nan Allah ya yi masa rasuwa bara. In an sake tambaya, wa za a ɗauko?

Domin a gane yawan sauyin, bari mu bi ƙasar nan da muke zaune a kanta daki-daki. Zamanin kakannin kakanninmu ana kiranta Fombina. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1809, ya kafa Yola a 1841, kuma lamidan wannan yanki can suke kai gaisuwa, ko da yake akwai mutanen duwatsu da ba su taɓa bi ba. A 1893 Ingila da Jamus suka ja layi a takarda, Yola ta faɗa hannun Ingila, mafi yawan ƙasarta kuwa hannun Jamus. A 1901 Ingilishi suka ci Yola, Jamusawa suka kama Garwa, sa'an nan Marwa a farkon 1902. Ba su daɗe ba, Garwa ta kuɓuce musu a 1915, a 1916 kuma aka kore su gaba ɗaya, Faransa da Ingila suka raba ƙasar. Mu nan muka faɗa rabon Faransa, ana mulkinmu daga Gidar da Garwa. Aka sami mulkin kai ran 1 ga Janairu 1960. A 1972 aka yi larduna bakwai, namu shi ne Lardin Arewa, daga Ngaundare har bakin tafkin Cadi, Garwa ce babban birni. A watan Agusta 1983 aka tsaga wannan lardi gida uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa. A 2008 kuma aka daina cewa lardi, aka koma cewa rejiyon. Tsohon da aka haifa a 1950 bai taɓa barin bakin kogin nan ba, amma an sauya wa mazauninsa suna a takarda ya fi sau huɗu.

Kalmar da ta fi jawo mana wahala ita ce Adamawa. A bakin tsofaffinmu, in mutum ya ce an haife shi a Adamawa, yana nufin tsohuwar ƙasar Modibbo Adama, wadda Garwa da Bibemi da Golombe duk suna cikinta. A bakin ma'aikacin Kamaru na yau, Adamawa ita ce rejiyon ɗin Ngaundare, wadda sai a 1983 ta zama lardi. A bakin ɗan Nijeriya kuwa, Adamawa jiha ce mai hedikwata a Yola, wadda aka kafa a 1991. Mun raka wani ɗan'uwa wani ofishi neman takardar shaidar ɗan ƙasa, aka tambaye shi inda aka haifi mahaifinsa, ya amsa da abin da ya ji a gida tun yana yaro, ya ce Adamawa. Aka ce ta wane gefe? Ya ce shi dai Adamawa ya sani. Aka ajiye takardarsa gefe, aka ce ya je ya kawo hujja cewa uban ba baƙo ba ne. Ya yi wata bakwai yana zirga-zirga, ya sayar da bijimi da karsana. Daga baya wata gwaggonsa ta ce ai a ƙasar Bibemi aka haifi uban, a mashekarin da ke kusa da kasuwar Adumri, ita ce ma ta goye shi. Da wannan magana tana rubuce a gida, da dabbobin nan biyu suna cikin garke har yanzu.

Haka kalmar Benuwe. Akwai departaman Benuwe a nan Garwa, akwai kuma Jihar Benuwai a Nijeriya, can Makurɗi, wadda aka kafa a 1976, ga kuma kogin kansa da ya ratsa ƙasashen biyu. Haka kalmar Arewa. Takardar da aka rubuta a 1975 ta ce Lardin Arewa, tana iya nufin Banyo, tana iya nufin Kuseri.

'Yan'uwanmu da ke da dangi wajen Mubi, kuma fatake kusan kowa yana da su, nasu ya fi namu rikitarwa. Mubi ta zauna hannun Jamus, sa'an nan ta faɗa rabon Ingila, ana kiran yankin Kamaru ta Arewa. A watan Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen wurin suka zaɓi Nijeriya, ran 1 ga Yuni 1961 suka shiga da sunan Lardin Sardauna. A 1967 suka zama Jihar Arewa Maso Gabas, a 1976 Jihar Gongola, a 1991 Jihar Adamawa. Yau babu wata jiha da ake kira Gongola, amma akwai rasit na jangali da katin allurar shanu a cikin akwatunan iyayenmu masu ɗauke da wannan suna. Wanda aka haifa a Mubi a 1955, in jikansa ya rubuta cewa an haife shi a Jihar Adamawa ta Nijeriya, ya rubuta abin da babu shi a lokacin. In kuma ya rubuta Kamaru kawai, mai karatu zai ɗauka Kamarun Yawunde ake nufi. Dole a rubuta duka biyu, yadda ake kiran wurin a ranar da kuma yadda ake kiransa yau.

Ta gefen Cadi ba za mu daɗe ba. Lere ga ta nan kusa, shanunmu da nasu ruwan Mayo Kebbi ɗaya suke sha. Tsohuwar gundumar Mayo-Kebbi an raba ta biyu a 2002, ta gabas a Bongor, ta yamma a Pala. Babban birninsu ma har 1973 Fort-Lamy ake ce masa kafin ya koma Njamena, kamar yadda Kuseri tamu ta yi zamani ana rubuta ta Fort-Foureau. Akwai samarinmu da suka ga wannan suna a takardar kakansu suka ɗauka a Faransa aka haife shi. Can bakin tafki kuma, bayan hukuncin kotun duniya na 10 ga Oktoba 2002, Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita suka dawo hannun Kamaru a ƙarshen 2003, bayan shekaru suna hannun Nijeriya. Yaran da aka haifa wurin a shekarun 1990 yanzu magidanta ne, kuma da yawansu takardunsu na farko na waccan ƙasa ne.

Ko asalinmu na nesa bai tsira ba. 'Yan'uwanmu Jafunawa masu jajayen shanu, tsofaffinsu suna cewa sunan ya samo asali daga Jahun, kuma in an tambaye su sai su ce daga Kano muka fito. Gaskiya suka faɗa, domin a zamaninsu Jahun ƙasar Kano ce. Amma tun 1991 Jahun tana Jihar Jigawa. Yaron da ya tashi neman tushensa ya sauka birnin Kano yana tambaya, zai sha yawo.

Bayan sauyin iyaka akwai sauyin rubutu, kuma nan ma an cuce mu ba da gangan ba. Bajamushe ya rubuta Garua, Bafaranshe ya rubuta Garoua, mu muna cewa Garwa. Muna cewa Wuro, takarda ta ce Ouro. Muna cewa Jauro, takarda ta ce Djaouro. Figil kanta a takarda Figuil ce. Mai rubutu a ofis abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, sau da yawa kuma ba ya jin Fulatanci ko Hausa. Ga kuma sunayen da suka yi yawa. Akwai Jalingo kudu da Garwa, akwai Jalingo babban birnin Jihar Taraba. Sabongari kuwa ba mai iya ƙirga su. Wuro Alhaji da Wuro Ardo, kowace ƙasar lamido tana da nata. Mafi muni, rugarmu da sunan mutum ake kiranta. Ardo ya rasu ko ya tashi, sunan ya bi shi, bayan shekara goma manomi ya share wurin ya shuka auduga, ya sa masa sunan ƙauyen da ya baro a kan dutse.

A nan ne maganar ta daina zama ta tarihi kawai, ta zama ta ciyawa da ruwa. Dokar ƙasa ta 6 ga Yuli 1974 ta mai da duk filin da ba shi da takardar mallaka ya zama na al'umma a hannun gwamnati. Ta bar ƙofa ga wanda yake zaune ko yake amfani da wuri tun kafin 5 ga Agusta 1974 ya nemi takarda. Dokar ta ambaci makiyaya da hanyoyin dabbobi, amma ta ce sai an ga alamar hannun mutum a fili. Manomi yana da kunya da itacen mangwaro da zai nuna. Mu me za mu nuna? Saniya ta ci ciyawa, damina ta zo, ciyawa ta sake fitowa, babu alama. Abin da ya rage mana shi ne rijiyar da kakanmu ya haƙa, da maƙabartarmu, da sunan wurin, da mutanen da za su ce tun shekara kaza muke nan. Haka kuma dokar 1978 da ta kafa kwamitin sasanta manoma da makiyaya a ƙarƙashin sufurefe. Duk wanda ya taɓa zama gaban wannan kwamiti ya san tambayar farko ita ce, tun yaushe wannan wuri yake hurumi, kuma wa ya sani? Sufurefe baƙo ne, shekara uku ko huɗu a ɗauke shi a kawo wani. Taswirar da ke bangon ofishinsa ba ta san sunan mashayarmu ba. In muka kira wurin da sunan da muka gāda, abokin shari'a ya kira shi da sabon suna wanda yake cikin rajistar ƙauyuka, to a idon baƙo namu ne ya zama ƙage.

Ku dubi abin da ya faru a kwarin Benuwe. Tun shekarun 1970 gwamnati ta riƙa kawo manoma daga duwatsun Arewa Mai Nisa tana zaunar da su, ƙauyuka sababbi suka tsiro a kan tsofaffin wuraren cin rani. A 1982 aka gama madatsar ruwa ta Lagdo, tafki ya haɗiye fadamu da ƙauyuka da kaburbura. Akwai waɗanda ke zaune a nan wurin haihuwarsu yana ƙarƙashin ruwa, masunta suna jefa taru a kansa. Ga gandun dajin Benuwe da na Buba Njida tun 1968, da na Faro tun 1980, ga yankunan farauta da ke kewaye da su. Ba muna cewa littafin gida zai dawo mana da waɗannan wurare ba. Abin da ya tafi ya tafi. Amma burtalin da ya rage, da hurumin da ya rage, ana iya kare su in akwai gidaje ashirin da kowanne ya rubuta cewa ubansa ya bi ta nan, ya sauka wuri kaza, a shekara kaza, kuma maganarsu ta zo ɗaya.

Batun takardar ɗan ƙasa ma haka. Dokar 1968 ta ce ɗan 'yan Kamaru ɗan Kamaru ne. Ta kuma ce ko da iyaye baƙi ne, in an haifi yaro a Kamaru, kuma ɗaya daga cikin iyayen shi ma a Kamaru aka haife shi, to yaron ɗan ƙasa ne. Kun ga ke nan wurin haihuwar uba ko uwa yana iya zama shi ne hujjar jika. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ba zai zauna jarrabawar gama firamare ba, kuma in lokacin rajista ya wuce sai an bi ta hukuma da shaidu, a nan ma tambayar ita ce ina, kuma yaushe. Tun da masu garkuwa da mutane, waɗanda muke kira zargina, suka addabi yankin nan da na Mayo-Kebbi daga shekarun 2000, gidaje nawa suka watse, wasu Nijeriya, wasu kudu? 'Ya'yansu za su dawo wata rana neman dangi ko gādo, kuma sunan da uwarsu ta faɗa musu ne kaɗai guzurinsu.

To, yaya za a rubuta? Shawarar kwamiti ita ce a fara da sunan da tsoho ya faɗa da bakinsa, yadda ya faɗe shi, ko da Fulatanci ne ko Gidaranci ko Mundanci, kada a gyara masa. Sa'an nan a ɗaure sunan da abin da ba ya tashi, watau kogi ko dutse ko tafki, a faɗi gabas ko yamma, da nisan tafiya yadda makiyayi ya san ta, tafiyar hantsi ko ta yini. Mun ce dutse ba ya tashi, ko da yake mu mutanen Figil da muke ganin yadda ake fasa na Bidzar ana kai wa masana'antar siminti da farar ƙasa, mun san shi ma ba a ba shi tabbas ba, saboda haka a haɗa da kogi. Bayan wannan a faɗi ƙasar wane lamido ko wane lawani ce, domin iyakar sarakuna ta fi ta gwamnati daɗewa, kuma fada tana da dattawan da ke tuna wanda ya ba ardo izinin sauka. Daga nan sai a rubuta sunan da gwamnati ke kiran gundumar a wancan lokaci, a ƙarshe kuma sunanta na yau tare da shekarar da aka yi rubutun. Alal misali: Wane ɗan Wane, an haife shi a rugar Ardo Wane, bakin Mayo Luti, tafiyar hantsi kudu da Figil, da kaka, shekarar babban fari ta 1973, a lokacin ana cewa departaman Benuwe, Lardin Arewa, yau ana cewa Mayo-Luti, rejiyon ɗin Arewa. In gobe an sake yanka gunduma, sai jika ya ƙara layi ɗaya a ƙasa. Kada ya goge na sama. Wannan shi ne kuskuren da 'yan makarantarmu suke yi, suna ganin tsohon suna kamar kuskure ne da ya kamata a gyara.

A gefen shafi kuma a kwafe sunan harafi da harafi yadda yake a takardar hukuma, ko da an rubuta shi a karkace, domin ran da aka je ofis wannan karkataccen ne za a nema a rajista. Wanda ya iya ajami ya rubuta da ajami, ya ma fi kama lafazinmu, sai ɗan boko ya sa nasa a ƙasa. Malamanmu da yawa sun riga mu, akwai masu rubuta haihuwa da rasuwa a bangon littattafansu tun da daɗewa, muna roƙonsu su bari a kwafa.

Game da shekara, katin iyayenmu da yawa cewa ya yi an haife shi wajen shekara kaza, ma'aikaci ne ya dubi fuska ya yanka. Kada mu dogara da wannan kaɗai. Tsoho ba ya riƙe lamba amma yana riƙe abin da ya faru. Zai ce shekarar da Ahijo ya sauka, wannan 1982 ce. Zai ce shekarar bushiya da ta kashe shanu, wannan 1983 ce. Zai ce farin da ya biyo baya, 1984 ke nan. Zai ce shekarar ambaliyar da aka buɗe Lagdo ruwa ya ci gari, mafi yawa 2012 ake nufi. A rubuta maganar tsohon, a sa lambar kusa da ita. In ba a tabbata ba a rubuta cewa ba a tabbata ba.

Iyayenmu mata, wannan aiki ba zai yiwu ba sai da ku. Namiji zai lissafa kakanninsa maza bakwai, amma ka tambaye shi garin kakarsa ta wajen uwa sai ya yi shiru. Mace ce ta san a wane mashekari ta haifi kowane ɗa, wace ungozoma ta yanke cibiya, wane kogi aka ɗebo ruwan wanka. A labarin da muka ba ku ɗazu, gwaggo ce ta warware abin da maza suka kasa wata bakwai. Kuma abin kunya ne a gare mu, mu da za mu tsaya gaban saniya mu faɗi uwarta da kakarta da kasuwar da aka sayo kakar, ko Pitowa ko Adumri ko Bogo, a ce ba mu san inda aka haifi wadda ta haifi uwarmu ba.

Akwai magana ɗaya mai ɗaci da ya zama dole mu faɗa. Wasunmu, don gudun wahala, in an tambaye su wurin haihuwa sai su ce Figil ko Gidar, alhali a ƙetaren iyaka ne. Mun san dalili, ba kuma muna zargin kowa ba, mutum yana tsaye jandarma na kallonsa. Amma yanzu takardu sun shiga kwamfuta, ana gwada na wa da na ƙane, na uba da na ɗa, kuma wanda ya yi suna biyu ko wurin haihuwa biyu katinsa yana iya maƙalewa shekaru. Littafin gida dai a rubuta gaskiya a cikinsa. In kaka a Mubi aka haife shi, a rubuta Mubi da yadda ake kiranta a ranar. In a Lere ne, a rubuta Lere. Kiwo ya girmi waɗannan iyakoki, haihuwa a wancan gefe ba laifi ba ce, kuma sau da yawa in aka bi gaskiyar daki-daki sai a tarar doka tana gefen mutum ta wajen uwa ko ta wajen haihuwarsa shi kansa.

Samari masu waya, ku ɗauki muryar tsofaffi, yana da kyau, ana jin yadda suke furta sunan. Amma waya tana faɗawa kogi, ana sace ta a kasuwa, kati yana lalacewa. Duk abin da aka ɗauka a mayar da shi takarda cikin mako. A yi kwafi biyu, ɗaya a akwatin uwargida cikin leda saboda gara da ruwa, ɗaya wurin ardo ko wani ɗan'uwa da ke zaune a gari. Tsofaffin rasit na jangali da na kara da katin allura, kada a ƙone su, kowanne yana ɗauke da sunan wuri da shekara da hatimi, a haɗa su da littafin. Fatake kuma muna roƙonku ku ba mu sunayen zangon da ake sauka a tsohuwar hanyar shanu daga iyakar Cadi zuwa Mubi, tun kafin mota ta karɓe aikin, domin ku kaɗai kuka rage da suka taka ta da ƙafa.

Reshe ya sayi littattafan rubutu daga kuɗin gudummawa, kowane ardo zai karɓi nasa wurin ma'aji kafin a watse. Mun sami 'yan makaranta da suka yarda su zagaya rugage lokacin hutu, abincinsu da man babur a kan rugar da suka sauka. Kowane ardo ya ba mu sunan mutum uku mafi tsufa a rugarsa, mace ko namiji, da su za a fara kafin a tashi cin rani. Wanda yake da takardun da suka saɓa wa juna, irin na wa da ƙanen da muka faɗa, ya kawo su ran kasuwa bayan azahar mu duba tare, kada ya jira sai ranar da ake bukatarsu.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya mai da kowa gida lafiya.